Kukan Wasa da Kukan Gaske: Yadda Ake Koya wa Ɗan Wasa da Mawaƙi Shiga da Fita

A ƙasar Girka ta dā, fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an yi wani ɗan wasan kwaikwayo da ake ce wa Polus. A zamaninsu maza ne ke fitowa a matsayin mata, sai aka ba shi ya fito a matsayin wata budurwa da aka miƙa wa tulu aka ce mata tokar gawar ɗan'uwanta ce a ciki, domin a cikinsu akwai masu ƙona mamaci. To shi Polus ya rasa ɗansa da yake matuƙar so, ya gama zaman makoki ya dawo bakin sana'a. Ranar wasa sai ya je kabari ya ɗauko ainihin tulun da tokar ɗan nasa take ciki, ya rungume shi a gaban jama'a, ya ɓarke da kuka. Aulus Gellius, marubucin Rumawa da ya adana labarin, ya nuna cewa a ranar mutane sun zo kallon kwaikwayo ne suka tarar da makoki na gaske.

Shekara kusan 2,000 ke nan ana ba da wannan labari don yabo. Ni kuwa duk lokacin da na ji shi, abin da ke zuwa raina daban ne. Da aka tashi, jama'a suka watse, wa ya karɓi tulun daga hannunsa? Wa ya raka shi gida? Kuma da an ce ya maimaita gobe da jibi da gata, sau nawa tulun zai yi aiki kafin ko dai ya daina sa shi kuka, ko ya karya shi gaba ɗaya?

Na taɓa ganin irin wannan tulu da idona, a wajen rihazal na wata ƙungiyar matasa. An ba wata yarinya, ba ta wuce shekara 19 ba, ta fito a matsayin matar da miji ya aiko wa da takardar saki. Aka yi aka yi hawaye ya ƙi zuwa. Sai darakta ya ce, "Ke, mahaifiyarki tana da rai?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ta rasu bara, Yallaɓai." Ya ce, "To rufe idonki, ki tuna lokacin da aka fito da makara." Ba a yi minti biyu ba kafaɗunta suka fara rawa. Ya ce, "Yauwa! Haka nake so. Fara maganarki." Ina magana? Ko kalma ɗaya ba ta fita ba. Shessheƙa ta ci ƙarfinta har ta zube a ƙasa, sai 'yan'uwanta mata ne suka kama ta suka fita da ita. Rihazal na gaba ba ta zo ba, na gaba da shi ma haka. Darakta ba mugu ba ne, yadda ya ga ana yi ne ya yi. Ni ma ina zaune a wurin, kuma da hawayen ya fara zuba ina cikin masu gyaɗa kai.

Asara biyu aka yi a ranar. An fama wa yarinya mikin da bai warke ba, sannan fitowar ma ba a samu ba, don kukan da ta yi na maraici ne, ba na matar da aka saka ba. Kowa ya san ba iri ɗaya ba ne. Kukan saki akwai wulaƙanci a cikinsa, da fushi, da tunanin bakin kishiya da na unguwa. Kukan uwa babu ko ɗaya daga ciki.

Tushen al'amarin a jiki yake. Ka rufe ido ka tuna tsamiya a kan harshenka, yanzu yawu zai tsinko maka, alhali babu tsamiya a kusa. Haka motsin rai yake. Ƙwaƙwalwa ta san wasa ake yi, amma zuciya da huhu da jijiyoyi ba su tsaya tambaya ba. Idan ɗan wasa ya shiga fushi sosai, bugun zuciyarsa yana ƙaruwa da gaske, gumi yana karyo masa da gaske, sinadaran da jiki ke saki idan ya hango haɗari suna shiga jininsa da gaske. Wannan shi ne arzikin sana'ar, domin yana nufin tunani kaɗai ya isa ya kunna wutar, ba sai an ƙona gida ba. Shi ne kuma haɗarinta, domin jiki yana biyan kuɗin kowane fushi da kowane firgici, ko na wasa ne.

Turawa sun daɗe suna jayayya a kan wannan. Denis Diderot, masanin Faransa da ya rasu a 1784, ya tsaya a kan cewa gwanin ɗan wasa shi ne wanda zuciyarsa ke sanye, yana sarrafa alamomin baƙin ciki da hankalinsa, yana sa jama'a kuka shi bai ji komai ba. Hujjarsa mai ƙarfi ce: wanda ya dogara da abin da yake ji, yau ya burge, gobe ya ba da kunya. Sai Konstantin Stanislavski na Rasha, wanda shi da abokin aikinsa suka kafa gidan wasan kwaikwayo na Mosko a 1898, ya zo ya ce a'a, ana iya horar da ji ɗin ma yadda ake horar da murya. A farkon bincikensa ya ɗauko wani ra'ayi daga masanin halayyar ɗan'adam na Faransa, Théodule Ribot, cewa mutum ba abin da ya faru kaɗai yake tunawa ba, har da yadda ya ji a lokacin, kuma ana iya farfaɗo da wannan ji ta hanyar tuna ƙananan abubuwa: ƙamshin ɗakin, zafin ranar, sautin da ke waje.

Daga nan ra'ayin ya haye teku. 'Yan wasan Mosko sun je Amurka a 1923, wasu daga cikinsu suka zauna suka buɗe makaranta. Cikin ɗalibansu akwai Lee Strasberg, wanda ya riƙe wannan dabara ta tono tarihin kai ya mai da ita ginshiƙin koyarwarsa, da farko a ƙungiyar Group Theatre da suka kafa a 1931, daga baya a Actors Studio da ke birnin New York. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tun ana cikin yayin abin aka fara bore. Stella Adler, 'yar wasa ce a cikin ƙungiyar, ta ji dabarar tana neman kashe mata son sana'ar. A 1934 ta riski Stanislavski a birnin Paris, ta yi kusan mako biyar tana aiki da shi, ta dawo ta gaya wa 'yan'uwanta cewa mai abin ma ya matsa daga inda suka tsaya, yanzu ya fi mai da hankali ga halin da labari ya sa mutum a ciki da kuma abin da yake aikatawa da jikinsa. Strasberg bai yarda ba, suka raba gari, kuma har suka mutu ba su daidaita a kan wannan batu ba.

Sai dai a yi wa Strasberg adalci. Shi kansa ya gindaya sharaɗi cewa kada ɗalibi ya taɓa abin da bai kai shekara 7 da faruwa ba, kuma ba labarin ake nema ba, abubuwan da ido da kunne da fata suka ji a lokacin ake bi a hankali. Ke nan abin da daraktanmu ya yi wa yarinyar nan, da rasuwar bara, ko a mazhabar mai tsananin ma bai halatta ba. Abin da ya iso mana a rumfunan rihazal ragowar ragowa ce: an ji cewa "tuna abin baƙin ciki", ba a ji sharuɗɗan ba.

Akwai labarin da malaman wasa ke son bayarwa game da Michael Chekhov, ɗaya daga cikin haziƙan ɗaliban Stanislavski. An ce a aji ya kwaikwayi jana'izar mahaifinsa, ya yi ta da kyau har malamin ya rungume shi, yana zaton abin da ya gani ne yake tunawa. Daga baya aka gano mahaifin yana nan da ransa, yaron ƙirƙira ya yi. Chekhov ya girma ya zama malami mai zaman kansa, kuma ya gina koyarwarsa a kan ƙirƙirar zuci da motsin jiki, yana gargaɗi a kan tono raunin kai. Shi ma Sanford Meisner, abokin su Adler, wata ƙofar ya bi. Ya ce ka bar leƙen cikinka, ka dubi wanda ke gabanka. Yakan zaunar da ɗalibai biyu suna maimaita jimla ɗaya a tsakaninsu har sai kowa ya daina tunanin kansa ya fara amsa abin da yake gani a fuskar ɗan'uwansa. Wanda ya taɓa ganin gardamar mata biyu a bakin famfo ya san ba sai kowace ta tuna kakarta ba kafin ranta ya ɓaci. Kallon da ɗayar ta yi mata ya isa.

Ƙofar da ta fi ba ni mamaki ita ce ta numfashi. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, sai bincike ya nuna cewa ita ma fuskar tana ba zuciya labari. A 1983 Paul Ekman da abokan aikinsa a Amurka sun sa mutane, mafi yawansu 'yan wasa, su motsa tsokar fuska ɗaya bayan ɗaya, ɗaga nan, matse can, ba tare da an ce musu su ji komai ba. Da fuskar ta haɗu ta zama ta fushi ko ta tsoro, sai aka ga bugun zuciya ya sauya. Tun kafin wannan, a farkon shekarun 1970, wata masaniyar ƙwaƙwalwa a ƙasar Chile, Susana Bloch, tare da wani abokin bincikenta da wani daraktan wasan kwaikwayo, sun auna yadda mutane ke numfashi a cikin yanayi daban-daban. Suka gano kowane yanayi na asali yana da nasa salon numfashi da tsayuwa da fuska. Guda shida suka ware: farin ciki, baƙin ciki, fushi, tsoro, tausayi irin na uwa da ɗa, da kuma sha'awa.

Ka lura da kanka za ka ga gaskiyarsu. Mai kuka yana jan iska ne a gutsure, sau biyu sau uku, sannan ya sake ta da tsawo ta baki, jiki ya saki, ido ya yi ƙasa. Mai dariya akasin haka yake yi, ya ja sau ɗaya ya fitar a gutsure. Mai fushi ta hanci yake huci, muƙamuƙi a ɗaure, jiki ya karkato gaba. Mai tsoro baki a buɗe, ya fizgi iska ya riƙe, ido a waje, jiki ya ja baya. Idan ɗalibi ya koyi haɗa waɗannan daidai, ji ɗin yakan biyo baya da kansa, ba tare da an tambaye shi wa ya mutu a gidansu ba. Amma abin da ya fi muhimmanci a tsarin Bloch, wanda ta sa wa suna Alba Emoting, shi ne ba ta yarda a koya wa ɗalibi ko ɗaya daga cikin shidan ba sai an koya masa fita. Ya miƙe tsaye, ƙafafu a daidaice, ido a kan wani abu can nesa daidai tsayinsa, ya ja iska ta hanci yana ɗaga hannuwa sama da kai, ya ɗan dakata, ya sake ta ta baki yana sauke su, kamar sau uku, sannan ya shafa fuskarsa, ya girgiza jiki, ya sauya tsayuwa. Kada wani ya karanta wannan ya tara yara ya ce su yi ta huci. Numfashi mai ƙarfi yana kawo jiri, kuma yakan buɗe ƙofar da ba a yi niyya ba. Aikin wanda aka horar ne.

Mawaƙi kuwa nasa ya fi na kowa wuya, kuma shi ne aka fi mantawa da shi.

Ɗan wasa idan kuka ya shaƙe shi yana iya yin shiru na ɗan lokaci, shirun ma ya zama wasa. Mawaƙi ba shi da wannan gata, don kiɗa ba ya jira. Kayan aikinsa kuma tsoka ce 'yar ƙarama, tantanin maƙwallato, wanda bai fi tsawon gaɓar yatsa ba, yana kaɗawa sau 100 da ɗoriya a daƙiƙa ɗaya idan namiji na magana, wajen sau 200 idan mace ce, ya haura 400 idan an ɗaga murya sama a waƙa. Abu mai irin wannan sauri yana buƙatar iska mai tafiya a miƙe ba yankewa. Kuka na gaske yana rusa duk wannan. Numfashi ya gutsuttsure. Tsokokin wuya su ɗaure, mutum ya ji wani abu ya tokare masa maƙoshi. Hawaye ya bi 'yar hanyar da ta haɗa ido da hanci, majina ta taru, amon murya ya sauya. Idan mawaƙin ya ce sai ya tura sautin da ƙarfi ta cikin wannan ƙunci, sai tantanin ya riƙa bugun juna da tsanani. Sau ɗaya, murya ta dishe kwana biyu. Ya zama ɗabi'a, sai tantanin ya yi kanta kamar tafin hannun manomi, daga nan sai likitan maƙogwaro.

Shi ya sa malaman murya da suka san aiki suke cewa a yi kukan a ɗakin gwaji. A ajiye kiɗa, mawaƙi ya karanta baitukan kamar magana yake yi da wani takamaiman mutum. Inda ya ji muryarsa ta karye, a nan ramin yake, a sa alama. A sake, a sake, har ya san ramin kamar yadda direba ya san ramukan hanyar garinsu: ya san daga ina zai rage gudu, ya san inda zai ja numfashi kafin ya iso. Ba a cike ramin ake yi ba, don in aka cike shi waƙar ta mutu. Ana koyon wucewa ta gefensa ne, kusa ƙwarai, yadda mai sauraro zai ji iskar faɗawa amma motar ba ta faɗa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda bai taɓa karyewa a gwaji ba shi ne ke karyewa a gaban taro. Wata Ba'amurkiya mai binciken murya, Jo Estill, ta ma nuna cewa sautin da kunne ke ji kamar kuka yana da nasa tsarin a maƙogwaro, inda maƙwallato ke sauka ƙasa ya ɗan karkata, kuma ana iya koyonsa da gangan, wuya a sake, numfashi a hannu. Mai sauraro ya ji shessheƙa, mawaƙi kuwa yana riƙe da linzami.

Kuma a gaskiya ba kururuwa ce ke karya zuciyar mai kallo ba. Ka je zaman makoki. Mai birgima a tsakar gida ana ba ta haƙuri a wuce. Amma dattijon da ya zauna yana amsa gaisuwa tun safe bai nuna komai ba, sai da aka ambaci sunan mamacin muryarsa ta ɗan rawa a kan "amin", ya yi gyaran murya ya kau da kai, shi ne ke sa maza share ido da bakin riga. Mu da muka tashi a kan dauriya da kunya ya kamata mu fi kowa sanin wannan. Ɗan wasan da ke yaƙi da hawaye ya fi mai neman hawaye aiki, kuma ya fi shi tsira.

Ba daga Turai kaɗai ake koyon wannan ilimi ba. Duk wanda ya taɓa zuwa filin dambe ko taron maharba ya ga yadda mutum ke tsuma idan aka kaɗa masa takensa. Jiki ya ɗau rawa, ido ya juye, kirari ya fito daga inda shi kansa bai sani ba. Amma ka lura da abin da ke kewaye da shi. 'Yan'uwansa na kusa, a shirye su riƙe shi. Makaɗin yana kallonsa, ya san lokacin da zai ƙara wuta da lokacin da zai juya kiɗan zuwa taken wani. Ko a waƙar makaɗan fada da na jama'a, 'yan amshi ba ado ba ne: su ne ke ba uban waƙa damar haɗiye yawu, ya ja numfashi, ya dawo hayyacinsa kafin baiti na gaba. Har 'yan bori, duk da abin da malamai suka faɗa a kan aikinsu, wanda ba shi nake tattaunawa ba, ba sa barin wanda ya hau shi kaɗai. Akwai masu kula da shi, masu gyara masa sutura, kuma akwai sananniyar alamar sauka, wato atishawa. Mutanen nan ba su karanta Stanislavski ba, amma sun fahimci cewa hawa ba shi da amfani in babu sauka.

Sauka ɗin ce makarantun zamani suka yi sakaci da ita shekara da shekaru. A 1989, a babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Landan, shahararren ɗan wasa Daniel Day-Lewis yana tsakiyar fitowar da ɗa ke ganawa da fatalwar mahaifinsa, sai ya fice daga dandali yana kuka, kuma bai sake komawa wasan dandali ba. Shi ma ya rasa mahaifinsa tun yana saurayi. A Ostireliya, wani bincike da masana na Jami'ar Sydney suka fitar a 2015, bayan sun tambayi 'yan wasa sama da 700, ya nuna da yawansu na shan wahalar sauke nauyin fitowa mai tsanani bayan an tashi, kuma giya na cikin abin da suke komawa gare shi don su huce. Kowa ya san ana ɗumama jiki da murya kafin a fara. Kaɗan ne suka san ana hucewa bayan an gama.

Hucewar ba wani abu ne mai tsada ba. A cire kayan wasa a sa na gida, ba a tafi da rigar mugu a jiki ba. A wanke fuska. A kira mutum da sunansa na yanka. Wanda ka mara ko ka zaga a gaban kyamara, ka je ka ba shi hannu ku yi raha, don jikinsa da naka su ji cewa an gama. A ɗan taka, a ci abinci, a yi numfashi mai dogon fitarwa, domin jijiyar da ke rage gudun zuciya ta fi aiki lokacin da iska ke fita, kuma reshen wannan jijiyar ce ke motsa tsokokin maƙwallato, shi ya sa tashin hankali ke fara bayyana a murya. Musulmi ma yana da wannan a gida: an umurci mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Ta jiki aka biyo wa zuciya.

A masana'antar fim ta Kano buƙatar ta fi tsanani, saboda yadda ake aiki. Ba a jere ake ɗaukar labari ba. A lokeshan ɗaya jaruma za ta yi kukan mutuwar ɗa da hantsi, kafin azahar an sauya mata kwalliya tana dariyar biki, kuma kowace fitowa sai an maimaita ta daga kusurwa biyu ko uku. Ga shirye-shirye masu dogon zango da ke sa mutum ya ɗauki hali ɗaya shekara da shekaru, har a kasuwa a daina kiransa da sunansa, mai fitowa a mugu kuma ya sha zagi a titi da Facebook. Wanda duniya ta ƙi bari ya cire rigar, dole ya iya cire ta a zuciyarsa. Kuma a nan zan faɗi abin da wasu ba za su so ba: mai shafa man zafi a ƙasan ido don hawaye ya zubo bai yi abin kunya ba. Yana iya cutar da ido in an yi ganganci, amma ya fi a fama mikin mutum sau goma a yini. Hawaye ruwa ne kawai. Wasan yana cikin murya da numfashi da abin da hannu ke yi.

Nauyi mafi girma a kan malami ko darakta yake, kuma abu na farko da zai sani shi ne shi ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne. Yana da ikon neman aiki mai kyau, ba shi da ikon neman sirrin kowa. A yankinmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. A aji mai mutum 20 a Maiduguri ko Gusau ko Diffa, da wuya a rasa wanda ya taɓa kwana a daji yana gudun masu bindiga, ko wadda aka yi wa abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ka tsaya a gabansu ka ce kowa ya rufe ido ya tuna ranar da ya fi jin tsoro a rayuwarsa, ka san me ka taɓo? Ga kuma kunya. Ɗalibarmu ba za ta dubi malami ta ce "ba zan iya ba", sai dai ta yi, ta tafi gida, ta daina zuwa. Don haka ba a jira sai ta faɗa. Tun kafin ranar ake sanar da abin da fitowa ta ƙunsa, a ajiye wata alama, ko ɗaga hannu ne, da kowa zai iya tsayar da aiki da ita ba tare da an tambaye shi dalili ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ɗan wasa da kansa, a ɓoye, ya ga wani tsohon abu nasa da ya warke zai taimaka masa, wannan tsakaninsa da zuciyarsa ne, kuma ko ba a nema ba rayuwar mutum takan tsattsafo cikin wasansa. Bambancin shi ne wa ke riƙe da mabuɗin.

Sai malami ya iya karanta alamu. Likitan ƙwaƙwalwa Dan Siegel ya kwatanta abin da taga: akwai iyaka ta sama da ta ƙasa, a tsakaninsu mutum na iya jin abu mai zafi kuma hankalinsa na tare da shi. Wanda ya haura sama kowa na ganinsa, numfashi sama-sama, rawar jiki, kukan da ba ya tsayawa. Wanda ya faɗa ƙasa shi ne abin tsoro, don shiru yake yi, ido ya kafe, fuska ta daskare, ka yi magana kamar daga nesa yake jin ka. A kyamara wannan yakan yi kyau ƙwarai, har a tafa masa, alhali mutumin ba ya wurin. Gwajin mai sauƙi ne: in an ce a tsaya, zai iya tsayawa? In ba zai iya ba, wasa ya ƙare. A kira sunansa, a ce ya buɗe ido, ya taka ƙasa da tafin ƙafa, ya faɗi abubuwan da yake gani a ɗakin, a ba shi ruwa, a kori 'yan kallo, kuma kada a tsare shi da "me ya faru?" In abin ya bi shi gida, barci ya gagara, mafarki ya dame shi kwana da kwanaki, to asibiti ne wurinsa. Yara kuwa ba a yaudararsu. A Amurka a 1931 wani darakta ya sa yaro Jackie Cooper kuka ta hanyar sa shi ya gaskata an harbe karensa. Fim ɗin ya samu lambar yabo, yaron kuma ya tsufa bai manta ba.

Wasu za su ce duk wannan lallaɓawa tana kashe wutar wasa. Abin da na gani akasin haka ne. Mai koyon iyo da ya san ƙafarsa za ta iya taɓa ƙasa shi ne ke yarda ya nutsa kansa. Ɗalibin da ya tabbata zai iya fitowa, kuma ba za a ci amanarsa ba, shi ne ke shiga can ciki.

Bayan wasu shekaru irin wannan fitowa ta takardar saki ta sake zuwa hannuna, da wata ɗaliba daban. Ban tambaye ta komai game da gidansu ba. Mako biyu muka yi muna koyon tsayuwar fita kafin mu taɓa labarin. Ranar da muka zo kansa na rubuta takardar da hannuna, na ninke, na ba wani yaro ya miƙa mata. Na ce, "Kishiyarki tana bakin murhu tana kallonki. Aikinki ɗaya ne, kada ta ga komai a fuskarki. Ki karanta, ki ninke, ki sa a gefen zani, ki ci gaba da tsince shinkafarki." Ta karanta. Ta ninke. Hannunta ya koma cikin faranti, sai tsakuwar da ta tsinta ta ƙi barin yatsunta. Numfashinta ya gutsure sau biyu, ta haɗiye, hawaye ɗaya ya sauka a kan shinkafar. Ɗakin ya yi tsit. Na ce a tsaya. Ta miƙe, ta kafa ido a jikin bango, ta ɗaga hannuwa ta sauke sau uku, ta shafa fuskarta, sannan ta juyo ta ce, "Malam, a sake? Na ga kamar na yi saurin ninke takardar." Sau huɗu muka sake kafin a kira la'asar.